A bar ɗaliban likita su fara kwafsawa a gaban ɗan wasa

Kwanakin baya na leƙa gidan yayata sai na tarar ɗanta, likita ne bai jima da gama bautar ƙasa ba, ya shige ɗaki yana ta zuba Turanci a waya da wata irin murya mai laushi da ban taɓa saninsa da ita ba. Da ya fito na ce kai kuma wa kake lallashi haka, ko mun kusa shan biki ne? Ya yi dariya ya ce a'a Kawu, atisaye ne, jarrabawar tafiya Ingila nake shiryawa. Wai abokinsa ne a ɗaya ɓangaren yake kwaikwayon mutumin da gwajinsa ya nuna ciwon daji, shi kuma yana koyon yadda zai faɗa masa.

Jarrabawar sunanta PLAB, kashi na biyu a Manchester ake yin sa, ɗaki 16 za ka shiga kowanne minti 8, kuma a yawancinsu wanda za ka tarar a zaune lafiyarsa ƙalau, ɗan wasan kwaikwayo ne da aka horar ya zama mara lafiya ko ɗan uwan mara lafiya. In ka san magani kamar me amma ba ka iya magana da shi ba, sai ka faɗi.

Na tambaye shi, a duk shekarun da ka yi a makaranta an taɓa zaunar da kai ka yi irin wannan da Hausa, a ce maka nan ka yi daidai nan ka ɓata? Ya ce lakca dai an yi, ragowar kuma a bayan manya aka tsinta, kowa da irin wanda Allah ya haɗa shi da shi.

Abun ya tsaya min a rai. Wato yaron nan sai da ya tashi barin mu sannan ya zauna koyon tausasa harshe, da kuɗinsa, da harshen wasu, domin marasa lafiyar wasu.

Ra'ayina a taƙaice: makarantun likitancinmu da asibitocin koyarwa su ɗauki 'yan wasa, su horar da su, su biya su, ɗalibi ya riƙa gwada maganganu masu nauyi a kansu da Hausa da sauran harsunan da mutanenmu ke ji, ya kwafsa a can a gyara masa kafin a sake shi kan talakan da ya sayar da akuyarsa ya zo asibiti. Na san akwai masu ganin wannan shirme ne, na ji hujjojinsu kuma wasu ba na banza ba ne.

Wai wasan yara ne

Wannan shi ne abun da aka fara cewa tun ranar farko. Wani likitan jijiyoyi mai suna Howard Barrows a jami'ar Kudancin Kalifoniya shi ya fara a 1963, ya koya wa wata mata yadda za ta kwaikwayi mai shanyewar ƙafafu don ya ga yadda ɗalibansa ke duba mara lafiya in ba ya wurin. Jaridu suka yi masa ca, wai Hollywood ta shigo makarantar likitoci. A 1975 Ronald Harden na Dundee a Sikotland ya fito da tsarin jarrabawar zagaya ɗakuna da ake kira OSCE, wadda yanzu har makarantunmu na nan suna yi. Abun da aka yi wa dariya shi ya zama ruwan dare.

Amma bar tarihi, duba abun da ke faruwa a ɗakin. A ɗauka ɗalibi ɗan aji biyar ya shigo, ya tarar da dattijo da hularsa a hannu, an ce masa sakamakon hoton matarsa ya fito kuma ciwon ya bazu, ba maganar tiyata. Ɗalibin ya gaishe shi a tsaye, ya buɗe fayil, ya fara bayani, rabin Hausa rabin sunayen boko, idonsa na kan takarda. Ya yi ta yi. Dattijo ya saurara har ƙarshe sannan ya ce, "To likita, yaushe za a yi aikin? Na sa an sayar da gonar." Sai ɗalibi ya daskare, domin yanzu ya gane duk abun da ya faɗa ba wanda ya shiga.

Nan malami zai tsayar. Dattijon ya ajiye rawar da yake takawa ya dawo shi kansa, ya ce, "Ɗana, tunda ka shigo ba ka zauna ba sai na ɗauka sauri kake, shi ya sa ban tambaye ka komai ba. Da ka ce ya bazu, ni na zaci kana nufin ya watse zai fita. Kuma ba ka tambaye ni me aka riga aka gaya min ba." Sai a ce sake shiga. Ya sake, ya ja kujera wannan karon, ya kuma ɓata a wani wurin daban, a sake.

Wannan maganar da dattijon ya yi ita ce duk ribar abun. Mara lafiya na gaskiya ba zai taɓa faɗa wa likita haka ba, musamman namu, zai ce na gode Allah ya saka ya fita, sai a bakin get zai tambayi mai gadi wai me likitan yake nufi. Likita zai iya shekara ashirin yana maimaita kuskure ɗaya ba wanda ya taɓa nuna masa.

Wai ai hali ne, ba a koyar da shi

Akwai masu cewa wanda ya samu tarbiyya a gida zai iya magana da mutane, wanda bai samu ba ko ka kawo masa 'yan Kannywood gaba ɗaya ba zai canza ba. Akwai ƙamshin gaskiya, mai girman kai mai girman kai ne. Sai dai yawancin likitocin da ke ɓata magana ba mugaye ba ne, tsoro ne da rashin sanin ta inda za a fara. Yaro ɗan shekara 25 aka ce ya je ya gaya wa uwa cewa jaririnta ya koma, tarbiyyar gidansu ta koya masa ya rusuna ya gaishe ta amma ba ta koya masa me zai ce bayan gaisuwar ba, shi ya sa sai ka ga ya ɓuya a bayan manyan kalmomi, ko ya jefar da maganar a tsaye ya gudu, ko ya turo nas.

Kuma an gwada an gani. A 2002 Lesley Fallowfield da abokan aikinta a Birtaniya suka fitar da sakamakon gwajin da suka yi da likitocin daji 160, ba ɗalibai ba fa, manya masu shekaru a aiki. Wasu aka ba su horon kwana 3 da 'yan wasa, wasu ba a ba su ba, aka ɗauki bidiyon yadda suke ganin marasa lafiyarsu na gaskiya. Waɗanda aka horar sun fi barin mutum ya yi bayani da bakinsa, sun fi lura in ya nuna damuwa, sun rage tambayoyin da ke cusa wa mutum amsa. Da aka koma bayan shekara yawancin abun yana nan tare da su. In da shekarun aiki kaɗai na koyar da magana da waɗannan ba su da abun da za su ƙaru da shi.

Wai ga marasa lafiya nan birjik, me za a yi da na ƙarya

Wannan ita ce hujjar da ta fi ɓata min rai. Eh, asibitocin koyarwarmu a cike suke, ɗalibinmu yana ganin cututtukan da na Turai sai a littafi, kuma don taɓa ciki da sauraron ƙirji ba abun da ya kai mara lafiya na gaskiya, ɗan wasa ba zai iya kumbura hantarsa ba. Amma maganar da ake a kai daban ce. Ba wanda ke koyon mota a Kofar Ruwa ranar kasuwa, fili ake samu tukuna, in ka take totur a madadin birki ba wanda ya mutu.

Matar da za a gaya wa an cire mata mahaifa sau ɗaya za ta ji wannan maganar a rayuwarta, kuma yadda aka faɗa mata zai zauna da ita har ta tsufa. Magana zarar bunu ce. Me ya sa ita za ta zama allon gwajin wani? Don ba ta da kuɗin asibitin kuɗi? Ai mun san a kan su wa ake koyo, ba a kan matar kwamishina ba ne.

Wai ba lokaci

Wannan kam hujja ce mai ƙarfi kuma ba zan raina ta ba. Likita ɗaya, layi har waje, bai karya ba, jiya ya kwana a bakin aiki, albashi bai shigo ba, abokan karatunsa rabi sun tafi Saudiyya da Ingila. Ka zo kana ce masa ya ja kujera ya kalli idon mutum. Ɗan wasa ba zai ƙara yawan likitoci ba, ba zai kawo wuta ba, duk wanda ya ce horon magana zai gyara asibitocinmu yaudara yake.

Amma a duba wani abu. A 1984 Beckman da Frankel a Amurka suka naɗi muryar likitoci suna ganin marasa lafiya, suka tarar a matsakaici sakan 18 kacal ake barin mutum ya yi magana kafin likita ya katse shi, kuma ko kashi ɗaya cikin huɗu ba su samu sun kai ƙarshen bayaninsu ba. Likitoci suna katsewa ne don tsoron in aka bar mutum zai kwana yana zuba. Sai a 2002 wasu a Basel ta Suwizalan suka ce bari mu bar su mu gani, suka hana likitoci katsewa suka riƙe agogo. Matsakaicin abun da mutane suka yi sakan 92 ne, kusan kashi 80 cikin ɗari sun gama kafin minti 2.

Minti biyu. Kwatanta da lokacin da ake ɓatawa in mutum ya koma gida ya sha maganin hawan jini na wata ɗaya ya daina don ba wanda ya ce masa na har abada ne, ya dawo da shanyewar ɓarin jiki. Ko mai tarin fuka da ya ji sauƙi a wata na biyu ya watsar da maganin wata shida. Wanda ba shi da lokaci shi ya fi kowa buƙatar ya iya faɗar abu a gajarce kuma a gane, wannan kuwa sai an yi ta maimaitawa ake iyawa. Ni da za a bi tawa ma, a riƙa yin atisayen da agogon minti biyar da hayaniya a bakin ƙofa, yadda abun yake a zahiri.

Kar a kwaso na Turawa yadda yake

Nan ne nake rabuwa da wasu masu goyon bayan abun. In aka ɗauko labaran da aka rubuta don Landan aka juya su Hausa, an yi aikin banza. Can mara lafiya shi kaɗai yake shigowa, shi ake gaya wa, shi ke yanke shawara. Nan kuwa mutum biyar ne za su shigo, wanda ke kwance bai ce uffan ba, wansa ne ke magana, kuma kafin ka buɗe baki an ja ka gefe an ce likita don Allah kar ka gaya masa, zuciyarsa ba za ta ɗauka ba. Me za ka ce? In ka bi su ka ɓoye wa mutum abun da ya shafi ransa, wataƙila yana da bashin da yake son biya ko wasiyyar da yake son bari. In ka yi gaban kanka ka ɓata da dangi gaba ɗaya, gobe su ɗauke shi su tafi wurin mai magani. Akwai hanyar bi a tsakani, a tambayi shi mara lafiyan tun farko nawa yake son sani kuma wa yake so a gaya wa, amma ba a iya ta daga karanta littafi.

Ga kunya. Matar da ta zo da matsalar mata za ta ce maka ciwon mara da zazzaɓi, in mijinta ko surukarta na tsaye ma ba za ta wuce nan ba. Dattijon da fitsari ke masa wuya zai yi ta zagaye gaban likita mace sa'ar 'yarsa. Ka ce ya jiki a ce da sauƙi, ko da mutum bai runtsa ba. An ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi, amma a asibiti ana ɓoyewa sosai, kuma sai likitan da ya san yadda ake sallamar 'yan rakiya cikin mutunci, ya san ta inda ake zagayowa, shi ke jin gaskiyar abun da ya kawo mutum.

Ga kuma sabon aiki da doka ta ɗora. A 2024 jihar Kano ta sa dokar gwaji kafin aure, har da na ƙanjamau da ciwon hanta da rukunin jini na sikila. Abu ne mai kyau a ƙasar da ta fi kowace yawan haihuwar yara masu sikila. To amma wa zai zauna da saurayi da budurwa, an kai lefe an buga kati, ya ce musu ku biyun AS ne, ya bayyana musu cewa kowane ciki akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu a haifi mai sikila, ba wai ɗa ɗaya cikin huɗu ba kamar yadda mutane ke ɗauka? Wa zai gaya wa yarinya sakamakonta na ƙanjamau alhali babanta na bakin ƙofa yana jiran takarda? A yanzu sau da yawa takardar kawai ake miƙawa.

Sai harshe. Karatun likita da Turanci ake yi a Najeriya, a Nijar da Faransanci, kuma akwai likitoci da yawa a Arewa da Hausarsu ta sayen tumatir ce, sun dogara da duk wanda ke kusa ya fassara, wani lokacin mai shara, wani lokacin ɗan mara lafiyan mai shekara 12. Ko Bahaushen likitan ma sau da yawa bai taɓa tunanin yadda zai bayyana ciwon ƙoda da Hausar da kakarsa za ta gane ba. A sa ɗan wasa ya yi tafintan da ke rage magana yana ƙara tasa, ɗalibi ya koyi gane hakan.

'Yan wasa kuwa ba mu rasa su ba. Ga Kannywood, ga masu wasan rediyo, ga sashen wasan kwaikwayo na jami'ar Ahmadu Bello da ya daɗe yana kai wasa ƙauyuka don wayar da kai, asibitin koyarwa na Shika kuma ba nisa. Sai dai a yi hattara, ɗan fim ya saba da kuka da faɗuwa ƙasa da zare ido, nan kuma akasin haka ake so, mutumin da zai yi shiru ya sunkuyar da kai ya ce ba komai. Kuma dole ya yi wa ɗalibi na ashirin daidai yadda ya yi wa na farko. Shi ya sa ba lallai sai fitacce ba, fitaccen ma matsala ne, ɗalibai za su tsaya neman hoto. Malamin makaranta mai ritaya ko uwar da ta yi jinya ta san zafin abun sun fi dacewa in aka horar da su.

Kuɗi, da maganar Amurka ta daina

Wani zai ce me ya sa ɗalibai ba za su yi wa junansu ba, kyauta? Za su iya, kuma binciken da aka yi a Heidelberg ta Jamus ya nuna ɗalibai masu gwadawa da junansu sun ƙaru kusan kamar masu yi da 'yan wasa, da kuɗi kaɗan. Har ma wanda ya zauna a kujerar mara lafiya yana ɗanɗana yadda ake ji. Don haka na yau da kullum a yi da juna, ban ƙi ba. Amma abokinka ya san amsar, ya san sunayen boko, ba zai yi maka rashin fahimtar da mutumin ƙauye zai yi ba, kuma da wuya ku kai ƙarshe ba ku fashe da dariya ba. Manyan maganganu, mutuwa da yanke ƙafa da fushin dangi, a ajiye wa baƙuwar fuska mai furfura.

Gaskiya ne kuma Amurka ta soke jarrabawarta ta ƙasa da ake yi da 'yan wasa a 2021, bayan ta fara a 2004. Korona ce ta tsayar da ita, amma tun kafin nan ɗalibai ke ƙorafi, kuɗinta ya haura dala 1,000, a birane 5 kawai ake yi, kuma kusan duk 'yan ƙasar suna ci. Jarrabawar aka soke, makarantunsu ba su daina koyarwa da 'yan wasa ba. Ni ma darasin da na ɗauka kenan, in abun ya zama na cin maki sai ɗalibi ya haddace jimlolin tausayi yana jefawa kamar karatun aku, ya ce sannu sau bakwai don an ce akwai maki a kai, mutum kuma yana gane tausayin haddace daga nesa. A fi ba da ƙarfi a ɗakin da ba maki, inda ba kunya in ka ɓata.

Kuma abun ba ya buƙatar gini na biliyan ko butum-butumi mai numfashi, wanda na san shi za a fi son saya saboda akwai kwangila a ciki. Ɗaki ne da kujera uku da malamin da ya san yadda ake gyara wa mutum ba tare da an tozarta shi ba, wannan na ƙarshen ma shi ya fi wuyar samu, domin in malamin da zai jagoranta irin masu zagin ɗalibi a gaban gado ne to an koma gidan jiya. Sai an fara horar da malaman.

'Yan wasan kuma a biya su da mutunci kuma a kan lokaci, kar a ce musu aikin lada ne. Matar da ta yini tana zama uwar da ɗanta ya rasu sau goma sha biyar tana buƙatar hutu a tsakani da wanda zai tambaye ta ya take kafin ta tafi gida, kuma kar a ba wanda bai daɗe da rashi ba irin wannan rawar.

Labaran da za a taka kar a bar wa farfesoshi su kaɗai su rubuta. A kira nas-nas da ungozomomi, su ne ke tsayawa su kwashe ɓarnar bayan likita ya fita, sun san ainihin kalmomin da ake faɗa. In aka tambaye su na tabbata cikin na farko da za su kawo akwai wannan: ƙarfe biyun dare, mace na naƙuda ta fara jijjiga, sai an yi tiyata yanzu, mijin yana Legas wayarsa a kashe, ƙanin babansa da ya kawo ta ya ce shi ba zai sa hannu ba a gidansu ba a yanka mata, ita kuma ba wanda ya tambaye ta. Ɗalibi yana da minti biyar.